Shekarar da Muka Koma Tudu

Azumin bana ya kama mu daidai lokacin da sanyi ke janyewa, zafi na leƙowa. Da safe sai mutum ya rufa da zane, kafin azahar kuwa bangon ɗaki ya ɗauki zafi kamar an hura wuta a bayansa. Jikokina mata suna ta ƙorafi wai fanfon unguwarmu mai aiki da hasken rana ba ya kawo ruwa sosai sai hantsi ya dubi ludayi, ga layin jarkoki, ga ƙishirwa. Ina jin su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, irin wannan azumin na taɓa yi, mai sanyin safe da zafin rana, shekarar da ƙasar nan ta sami 'yancin kai. Limaminmu ya ce watan ya zagayo wurinsa sau biyu ke nan tun lokacin. Ni ban iya wannan lissafin ba, amma jikina ya gane shi.

Sunana Kulu. A lokacin ban fi shekara ashirin ba, ina da aure, ina goyon 'yata ta fari. Garin nan da kuke gani da makaranta da kasuwa babu shi. Tunga ce ƙarama a bakin gulbin Kwara, gida talatin da 'yan kai, kan wani ɗan tsibirin ƙasa a tsakiyar fadama. Shinkafa muke nomawa, mu kama kifi, mu kai Zagga ko Bahindi ranar kasuwa mu sauya da gero. Rabinmu Dendanci muke yi a gida, rabi Hausa, kuma babu gidan da ba shi da dangi a ƙetaren iyaka, ƙasar da muke kira Faranshi, wadda a lokacin sunanta Dahomai.

Ƙarshen daminar nan gulbi ya yi abin da tsofaffinmu suka ce ba su taɓa gani ba. Ba da gudu ya zo ba. A hankali ya riƙa hawa, yau ya taɓa gindin tsamiya, gobe ya shiga garken awaki, jibi a wayi gari tabarma na yawo a tsakar ɗaki. Shinkafa ta nutse tun ba ta fid da kai ba. Rumbuna suka jiƙa daga ƙasa suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wani mai jirgi ya kawo labarin cewa Turawa sun miƙa mulki, muna tsaye cikin ruwa har gwiwa muna kwashe geron da ya fara tsiro a jikin zangarniya. Na tuna Gwaggo Tumba, ungozomar tungarmu, ta ɗago kai ta ce, "To, Allah shi sa alheri. Miƙo mini kwandon can."

Da ruwa ya janye, Maigari Bawa ya tara mutane. Tsoho ne siriri mai ƙaramar murya, idan yana magana sai an matso. Ya ce shi ba zai sake gina ɗaki inda gulbi ya riga ya san hanya ba. Akwai tudu yamma da mu, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, can za mu koma. Kowa ya san tudun. Kowa kuma ya san dalilin da ya sa kakanninmu ba su zauna can ba: babu ruwa sai wani tafki, wanda duk ya sha shi da rani, damina na zuwa kurkunu zai fito masa a ƙafa ya kwantar da shi daidai lokacin noma.

Bayan kwana kaɗan wani duba-gari ya zo a kan keke daga wajen hukuma. Ya zagaya tudun da Maigari, ya ce idan muka taru wuri ɗaya muka haƙa rijiya da kanmu har ta kai ruwa, za a kawo siminti da magini a ɗaure ta. Amma dole kafin ruwan sama, domin da zarar fadama ta jiƙa mota ba ta ratsa ta, kuma rijiyar da ba a ɗaure ba ruwan farko ne zai rufta da ita. Duk aka juyo aka dubi maigidana. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, yanzu ma don ku gane ne: Manu. Shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa haƙar rijiya, ya koya wurin wani kawunsa a Kurgu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In Allah ya yarda."

Abin da ya fara ɓata wa mutane rai shi ne rabon fili. Mun zaci kowa zai kafa bukkarsa inda ya ga inuwa. Sai ga Maigari da doguwar igiya da tarin turaku. Kwana huɗu yana ja, yana kafawa, yana cirewa. Ya fitar da hanya a tsakiya mai faɗin da jakuna huɗu da kaya za su jera. Ya sa rijiya a gabas, can saman gangare, maƙabarta kuwa da inda za a haƙa shadda ya tura su yamma, yadda duba-gari ya nuna masa. Burtalin da Fulani ke bi da shanu zuwa gulbi ya bar shi yadda yake, har ya ƙara masa faɗi. Sannan ya zo wurin da ya fi ko'ina kyau, shimfiɗaɗɗen fili mai ɗorawa uku da kaɗanya, ya kewaye shi da turaku ya ce ba na kowa ba ne. Nan makaranta, nan ɗakin shan magani, can kasuwa. Ya kuma ce duk itacen da ke cikin turakun gari ba a sa masa gatari.

Yayana Arzika ne ya fara magana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, kuma a gidansa Innarmu take zaune tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai ƙarfi da zafin zuciya, amma ba mai ƙarya ba ne.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, wace makaranta? Wa zai kawo muna malami nan? Ɗiyan da ba a haifa ba anka yanka wa fili, waɗanda anka haifa ga su can suna kukan yunwa."

Maigari ya ce, "Arzika, ɗaki ana rushe shi a sake. In munka cika wurin nan da ɗakuna, ran da malamin ya zo, ɗakin wa za a rushe? Naka?"

"In ya zo."

"In ya zo," in ji Maigari, ya ci gaba da buga turkensa.

Muka kafa bukkokin kara a bayan igiya, kowa a layinsa. Aka fara haƙa saura kwana goma a ga watan azumi.

Bari in gaya muku yadda wuni yake tafiya. Da an yi sallar asuba mata mu ɗauki tuluna mu gangara gulbi, domin Maigari ya hana shan ruwan tafki, ko alwala ya ce a yi da na gulbi. Lokacin baƙin ruwa ne, wato cikar da gulbi ke yi da sanyi ba tare da an yi ruwan sama ba, saboda haka sai mun ratsa taɓo kafin mu kai inda za a ɗiba. Mu dawo rana ta ɗaga, wuya ya sage, goyo na kuka. Mu sauke mu koma. Sawu biyu kullum, wata rana uku. A sawu na biyu mukan tsaya a fadama mu tono bado, mu ɗebo 'ya'yansa, shi ne abincin. A shanya, a daka, a haɗa da 'yar dusa da busasshiyar tafasa. Geron da ya tsira daga ruwa ɗaci gare shi da warin ruma, shi ma sai a auna da ludayi, a dama kunu tsararo wanda kana ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Da shi ake buɗa baki, ragowar a ajiye don sahur. Kifin da maza suka samu ba mu cin sa, Zagga yake tafiya ya dawo a matsayin tiyar gero.

Maza kuwa suna bakin rami. An gitta gungume a kan gwafa biyu, igiya biyu na bi ta kansa: ɗaya ta guga mai fito da ƙasa, ɗaya ɗaure a ƙirjin mai haƙa. In ya girgiza igiya sau ɗaya, a ja guga. In ya girgiza sau uku, shi za a ja. Da gaba ake aunawa, wato tsawon hannu biyu a buɗe. Gaba uku na farko jar ƙasa ce mai laushi, har ana waƙa. Daga nan marmara, diga na tashi da wuta. Manu yakan fito da la'asar jikinsa ja wur kamar an tsoma shi a rini, leɓɓansa sun tsage, ba ya iya magana sai ya sha ruwa. Liman ya ce masa yana iya ajiye azumi ya rama. Ya ce in ya sha ruwa a gaban masu jan igiya, gobe ba zai sami mai ja ba.

A gaba na bakwai, azumi na da kwana goma sha shida, aka ji diga ta yi wata irin ƙara. Ina wurin na kawo ruwan jiƙa ƙasa. Ƙarar ta hau ramin ta fito kamar an bugi turmin ƙarfe. Manu ya girgiza sau uku, aka jawo shi, ya buɗe hannu ya nuna wa Maigari ɗan gutsuren baƙin dutse.

Maigari ya ce, "Ana wuce shi?"

"Ana wucewa, in ba shi da kauri. Sai da wuta."

Yadda ake yi shi ne a cika ƙasan ramin da itace da busasshen kashin shanu, a kunna, ya ci wuni guda, sannan a kwarara ruwa a kan dutsen yana da zafi ya tsage. A jira hayaƙi ya fita, a riƙa zura rassa masu ganye ana jawowa don iska ta sauya, a saukar da fitila. In ta mutu, ba a shiga. In ta rayu, mutum ya sauka ya ɓamɓare abin da ya tsage, wanda sau da yawa bai wuce kamu ɗaya ba. Sai a sake. Kowace wuta tana cin itace kaya goma da ruwa tulu takwas. Sawunmu na gulbi ya koma huɗu. Itace kuma sai an yi nisa, don na kusa duk yana cikin turaku.

Ranar ashirin da bakwai ga wata, da hantsi, muna dawowa da tuluna muka ji saran gatari daga filin makaranta. Na sauke tuluna a hanya na ruga. Yaya Arzika ne, ya tuɓe riga, yana saran babbar ɗorawar. Mutane sun taru ba wanda ya matsa. Na san abin da ke cinsa. 'Yarsa ƙarama, Hajo, ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja, kwana uku ba ta tashi ba. Shi kuma tun asuba ake tura shi neman itace a daji alhali ga itace a tsaye a ƙofar bukkarsa.

Maigari ya ratso mutane da sandarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya je ya jingina bayansa da jikin ɗorawar, daidai inda saran yake.

Yaya ya ce, "Baba, kauce."

"Ba ni kaucewa."

"Wallahi ka kauce. Ƙarfina ya ƙare wurin ɗauko itace, ɗiyata na mutuwa, kai kana tsaron inuwar mutanen da babu su."

"Wagga ɗorawa nan da wata guda za ta ba ɗiyarka gari ta sha. In ka sare ta, wuta ɗaya za ta yi."

"Nan da wata guda! Ka ga Hajo ta kai wata guda?"

Gatarin yana sama. Ban san lokacin da na isa gabansa ba, goyo a bayana, na ce, "Yaya, don Allah. Don darajar watan nan." Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan ya jefar da gatarin, ya ce, "Ku zauna ku ci turaku. Ni bayan salla na ƙetare."

Ba barazana ya yi ba. Dangin Innarmu suna can Faranshi, sun aiko cewa nasu geron ya yi, akwai fadama, akwai wurin zama. Kwana biyu bayan ƙaramar salla gida bakwai suka ɗaure kaya, kuma su ne masu yawan majiya ƙarfi. Inna ta kira ni bayan bukka. Ta tsufa, idonta ɗaya ya fara rufewa.

Ta ce, "Kulu, ki roƙi mijinki ku taho. Nononki ya ƙafe, ina gani. Ramin nan kabari na, ba rijiya ba."

Na ce, "Inna, in ya tafi, wa zai shiga?"

"To ke ki taho da ɗiyar, in an samu ruwa ki komo."

Ina son in bi ta, Allah ya sani. Cikina na ƙugi, 'yata na tsotson abin da babu. Amma na tuna yadda yake fitowa daga ramin yana laluben fuskata a cikin mutane kafin ya karɓi ruwa. Na ce, "Ki yafe mini, Inna." Ta kama hannuna ta matse, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Na raka su har gulbi. Yaya yana ɗauke da Hajo a kafaɗa, bai waiwayo ba har jirgi ya sha kwana.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Iska ta tsaya cak. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa tun hantsi, ruwan tulu ya yi ɗumi kafin a kai gida, dare da rana gumi ɗaya. Ɗorawa ta nuna kamar yadda Maigari ya faɗa, muka riƙa dama garinta muna ba yara, bakinsu duk ya yi rawaya. Ta riƙe mu, ba zan ɓoye ba. Amma masu jan igiya sun ragu, sauran mazan kuma dole su fita sharar gona, don wanda bai share ba ba zai shuka ba. Wata safiya Manu ya tsaya a bakin rami da mutum biyu kacal. Gwaggo Tumba ta ajiye tulunta ta ɗaure zane a ƙugu.

Ta ce, "Mi ke ga igiyar da mace ba ta iya ja? Mu da ke jan ɗiya daga cikin uwa."

Liman ya ɗan yi gyaran murya. Ta ce, "Malam, in kana da maza ka kawo. In babu, matsa." Ya matsa. Daga ranar mata shida ke jan igiya, ni ce ta gaba. Tafin hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Ba abin da ya fi mini wuya kamar sanin cewa nauyin da nake ji a hannuna mijina ne.

Wuta ta tara muka yi a gaba na goma. Washegari da azahar, muna cikin zura rassa don fitar da hayaƙi, sai iska ta motsa karo na farko cikin makonni. Muka ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya taso tun daga ƙasa, ana jin ƙamshin ruwa daga nesa. A wata shekarar da guɗa za mu yi. Ranar ba wadda ta yi. Bakin ramin jar ƙasa ce tsirara, in ruwa mai ƙarfi ya sauka, aikin wata uku zai koma ciki.

Manu ya saukar da fitila. Ta kai rabi ta yi ja, ta lanƙwashe, amma ba ta mutu ba. Ya jawo ta ya fara ɗaura igiya a ƙirji.

Na ce wa maigidana, "Malam, fitilar ba ta yi kyau ba."

Ya ce, "Ba ta mutu ba."

Maigari ya ce, "Manu, bari sai gobe."

"Ranka shi daɗe, dubi gabas. In dutsen ya buɗe, yau za mu aika a kawo siminti. In na jira gobe, wataƙila babu ramin." Ya dube ni ya ce, "Kulu, riƙe da kyau."

Muka sassauta igiya a hankali har ta yi sako-sako, alamar ya taka ƙasa. Muka ji diga, ɗaya, biyu, uku, har wajen goma. Ya girgiza sau ɗaya, muka jawo guga cike da ɓaraguzan dutse masu ɗumi. Muka mayar. Diga ta ci gaba, amma tazarar da ke tsakanin sara da sara ta riƙa tsawo. Sai ta tsaya.

Na jira girgiza. Babu. Na kira, "Malam!" Muryata ta dawo mini. Na leƙa, ba na ganin komai sai duhu da wani siririn hayaƙi. Na ɗan ja igiyar ƙirjin, na ji nauyi, irin nauyin buhu, ba na mutumin da ke taimakon kansa da ƙafa ba.

Gwaggo Tumba ta daka tsawa, "Ku ja! Kada wadda ta leƙa, ku ja!"

Muka ja. Mu shida ne, duk cikinmu ba wadda ta ƙoshi tun kaka. Maigari ya yar da sanda ya kama wutsiyar igiya. Da mai rai ne yakan taka bango ya rage mana, yanzu kuwa duk nauyinsa na hannunmu, igiyar na gurzar gungume tana kuka. Iska ta taso da ƙarfi tana watsa mana yashi a ido. A wajen rabi igiyar ta cije, wani abu ya maƙale. Muka ja, ta ƙi. Ƙafata ta zame har bakin ramin, na ji ƙasa na zubewa ƙarƙashin yatsuna.

Gwaggo ta ce, "Ku saki kamu ɗaya. Kafaɗarsa ta, ta kama marmara. Kamu ɗaya kawai!"

Sakin wannan kamu ɗaya shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Muka saki, igiyar ta juya, muka fizga, ta taho. Ina ganin jini na bin igiyar daga hannuna, ban ji zafi ba. Kansa ya fara bayyana, a langaɓe, sannan kafaɗar da fatarta ta saluɓe. Muka jawo shi kan ƙasa. Fuskarsa ta yi toka-toka, leɓɓansa baƙi. Gwaggo ta kwance igiyar, ta juya shi, ta bubbuga bayansa, ta kwara masa ragowar ruwan tulu, ta sa biyu suna yi masa fifita da faifai. Ni na durƙusa ina kiran sunan Allah, ban san me nake cewa ba.

Ya yi wani dogon ja na numfashi kamar ana yage ƙyalle, sannan tari, sannan amai. Ya daɗe kafin idonsa ya tsaya wuri ɗaya. Hannunsa na dama a dunƙule yake tun fitowarsa, mun kasa buɗewa. Da kansa ya buɗe. Yashi ne fari, jiƙaƙƙe, ya manne da tafinsa.

Ya ce da wata murya da ƙyar ake ji, "Ya tsage. Akwai laima."

Hadarin nan iska ya zama, ya yayyafa mana ɗigo kaɗan ya wuce kudu. Maigari ya tura mutum wajen hukuma ranar, a kawo siminti. Bayan kwana biyu ƙanen Maigari, Noma, wanda bai taɓa shiga rijiya ba, ya ce a ɗaura masa igiya. Manu na kwance a bakin ramin yana gaya masa inda zai sara. A gaba na goma sha ɗaya guga ta fito da ruwa, fari kamar an dama alli. Motar siminti ta iso bakin fadama bayan an yi ruwan farko, wanda Allah ya sa bai yi ƙarfin rufta ramin ba, ta kasa shigowa, muka kwaso buhunan da jakuna da kawunanmu. Magini ya gama ɗaurin ana saura kwana kaɗan damina ta zauna. Manu bai sake shiga rijiya ba. Tarin nan bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah, shekaru da yawa bayan haka.

Malamin makaranta sai da aka yi shekara tara kafin ya zo, a ƙarƙashin ɗorawar mai tabon gatari ya fara koyarwa. Ɗakin shan magani ya fi haka daɗewa, Maigari bai gan shi ba. Hanyar da aka yi wa dariya saboda faɗinta, yanzu manyan motocin shinkafa ke bi, har sun fara yi mata yawa.

Da aka gama shuka a shekarar, na nemi izini, na cika gyanɗama da ruwan rijiyar, na toshe bakinta da ɓawon masara, na bi matan da ke kai busasshen kifi ƙetare. Wuni guda muka yi, da ƙafa da jirgi. A bakin iyaka wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya tsayar da mu yana duba kaya. Ya girgiza gyanɗamar ya ce, "Mene ne a ciki?" Na ce ruwa. Ya buɗe ya shinshina, ya dubi gulbin da muka ƙetaro, ya kira abokinsa suka yi ta dariya. Ya ce, "Wuce, baiwar Allah."

Na sami Inna a kan tabarma a inuwar rumbu, ta rame, amma da ranta. Na duba tsakar gidan ina neman Hajo. Inna ta girgiza kai. Kwana tara da isowarsu, ta ce. Muka yi kuka tare, ba mai ba wani haƙuri.

Da muka natsu na zuba mata ruwan a ƙoƙo. Ta riƙe da hannu biyu, ta kurɓa, ta riƙe a baki kafin ta haɗiye. Ta ce, "Akwai ɗanɗanon dutse." Ta sake kurɓa. Sannan ta lalubo tafin hannuna, ta bi tabon da yatsa, ba ta tambaye ni ba.

Yaya Arzika ya dawo daga gona ya tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, idonsa na kan gyanɗamar. Na zaci zai wuce. Ya daɗe a tsaye.

Ya ce, "Gaba nawa?"

Na ce, "Goma sha ɗaya, Yaya."

"Wa ya ja igiya bayan mun taho?"

Na ce, "Mu."

Ya sauke fartanyar ya jingina ta da bango. Ya zo ya tsuguna kusa da Inna, ya miƙo hannu biyu. Na cika ƙoƙon na ba shi.